Yadda Ake Fara Sana'ar Ƙalƙale Motoci Ta Tafi-da-gidanka A Gefen Aikinka

Duk mai mota a Kano, Kaduna, Zariya ko Abuja ya san wankin bakin titi. Ka zauna a benci kana jiran layi, yaro ya kaɗa garin sabulu a bokiti, ya wanke taya da soso, ya koma kan bonet da wannan soson, ya watsa ruwa, ya goge da tsohon tawul. Mota ta fita tana ƙyalli, kuɗin kuma ba yawa. Amma ƙurar da ta maƙale a ramukan esi tana nan, tabon zoɓon da yara suka zubar a kujerar baya yana nan, in kuma rana ta haska jikin motar sai ka ga siraran ƙarce zagaye-zagaye sun cika fentin. Ban ga laifin yaron ba. Layi na jiransa, kuma abin da ake biyansa bai kai ya tsaya leƙa lungu ba.

A wannan giɓin sana'ar take. Kai ne za ka je inda motar take, gida ko ofis, ka ɗauki awa biyu zuwa huɗu kana ƙalƙale ta ciki da waje ba tare da ka ji wa fenti ciwo ba. Ɗalibi, mai shago, ma'aikacin kamfani ko mai jiran aiki duk za su iya yin ta ranakun Asabar da Lahadi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne kada ka shiga gasar araha da masu bakin titi. Suna da ruwa a wurinsu, suna da yara, ba sa ƙona mai su je ko'ina, don haka ba za ka ci su ba. Abin sayarwarka biyu ne: lokacin da mai mota ba ya son ɓatawa a benci, da kulawar da ba ya samu a can.

Mataki na farko: tsayar da abin da za ka yi da wanda ba za ka taɓa ba tukuna

Sabon shiga yakan so ya ce yana yin komai. Kada ka yi haka. A watannin farko ka tsaya a kan abu uku: wankin waje na hankali, ƙalƙale ciki, da shafa kakin kare fenti da hannu. Gogen fenti da inji, wankin injin mota, da shafa ruwan siramik (wani ruwan kariya da ke daskarewa a kan fenti), duk ka ajiye su sai gaba. Dalilin kuwa, fentin motocin zamani yana da wata shimfiɗa garai-garai a samansa wadda ita ke ba da sheƙi, kuma kaurinta bai kai na takardar rubutu ba. Injin goge fenti yana cin wannan shimfiɗar ne. In hannunka bai saba ba ka ƙone ta a gefen ƙofa ko kan bamba, sai dai a kai wa mai fenti, kuma kuɗin zai cinye ribar watanni.

Sannan ka duba matsayin aikinka. In ma'aikacin gwamnati ne kai na cikakken lokaci a Najeriya, jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ka gudanar da kasuwanci na ƙashin kanka, in ban da noma. Mai aiki a kamfani kuma ya karanta takardar ɗaukarsa aiki. Gara ka san wannan kafin ka buga sunanka a jikin riga.

Mataki na biyu: koyo a kan motocin gida

Nemi motar yayanka, ta kawu, ta maƙwabci, ka yi musu kyauta ko su biya kuɗin sabulu kawai. Ka nemi iri-iri: mai kujerar yadi, mai kujerar fata, baƙar mota, farar mota. Baƙar mota ita ce malaminka, domin ba ta ɓoye ƙarce ko ɗigon ruwa. Kana yi kana duba agogo. Sanin awa nawa Corolla ke ɗaukar maka da awa nawa Sienna mai layin kujeru uku ke ɗauka, shi ne zai ba ka farashi daga baya. In akwai wurin wanki mai kyau a garinku, ba faɗuwa ba ne ka je ka yi musu aiki na 'yan makonni don ka ga yadda ake riƙe injin feshi, wato injin da ke watsa ruwa da ƙarfi.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba sai ka ci bashi ba. Ga abin da ba a farawa sai da shi: bokiti uku, tsummokin maikrofaiba (wani yadi mai laushi sosai) da yawa masu launi daban-daban, safar wanki ta maikrofaiba maimakon soso, sabulun mota na ruwa, ruwan wanke-komai wanda ake sirkawa, ruwan goge gilashi, kakin fenti, man taya, burushi mai tauri na kafet da taya, ƙananan burushi masu laushi na lungu, kwalaben feshi, safar hannu ta roba, da takunkumi. Sai inji ɗaya wanda ya zama dole, injin zuƙe ƙura mai iya zuƙar ruwa. Shi ne rabin aikin ciki. In kuɗinka na inji ɗaya ne, shi za ka fara saya, injin feshi ya biyo baya.

A kan tsumma kada ka yi rowa. Shi ne abin da ke taɓa fenti, kuma shi ne bambancinka da mai tawul. Ka raba su da launi, ka ce shuɗi na fenti, kore na gilashi, rawaya na ciki, tsofaffi na taya da bakin ƙofa. Wanda ya faɗi ƙasa ya gama aikin fenti a ranar, domin yashi ya shige shi. Ka wanke su su kaɗai, ba tare da man laushin tufafi ba, ka shanya a inda ƙura ba ta kaiwa.

Sabulu kuma, Omo da Klin da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su narkar da maiƙo, saboda haka suna cire kakin da ke kare fenti, su busar da robobin gilashi. Sabulun mota ba shi da wannan kaifin. Za ka samu kayan Turtle Wax, Abro, Armor All da Meguiar's a manyan shaguna da wurin masu sayar da kayan ƙawata mota, injina irin na Ingco ko Kärcher kuma wurin masu kayan aikin hannu. A Kano ka zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Abuja Apo, ka kuma duba farashi a Jumia da Jiji kafin ka fita don kada a yi maka tsada. Jabu na yawo. Duba hatimin murfi, kuma in ka ga kwalba ta yi arahar da ta wuce hankali, bar ta.

Mataki na huɗu: ruwa, wuta, da abin hawa

Nan ne sana'ar ke yin daɗi ko ta gagara, don haka ka zauna ka yi lissafi sosai.

Jarka biyu masu lita 25 suna isar ƙaramar mota in ba ka yi almubazzaranci ba. Amma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu kilo 50 ke nan, ban da injina da bokitai. A babur wannan kaya ne mai nauyi. Mafita mafi sauƙi ita ce tun a waya ka tambayi mai mota ko akwai ruwa a gidan. In babu, ka sayi jarkoki wurin mai ga-ruwa na unguwar, ka sa kuɗin a cikin farashi. Ruwan wasu burtsatse yana da gishiri-gishiri, in ya bushe a jikin mota sai ya bar fararen ɗigo masu wuyar fita, musamman a gilashi da baƙin fenti. Maganinsa kada ka bar shi ya bushe da kansa.

Wuta kuma, kada ka dogara da cewa za ka tarar da ita. Ƙaramin janaretan nan da ake kira "I pass my neighbour" ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, injin feshi na lantarki kuwa yakan ci tsakanin wat 1,400 da 1,800, injin zuƙe ƙura shi ma yakan haura 1,000. Ba zai ɗauke su ba. Ko dai ka nemi janareta mai kVA 2.5 zuwa sama, ko ka yi yarjejeniya da mai gida a kunna nasa, ko ka fara da ƙaramin injin feshi mai batir wanda ke jan ruwa daga bokiti. Wannan na ƙarshen ba shi da ƙarfi sosai, amma ya isa ya sauke ƙura, kuma yana rage ɓarnar ruwa. A ganina shi ya fi dacewa da mai farawa. Janareta kada a kunna shi a cikin rufaffen gareji, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Mahaɗin wayar wuta kuma ka ɗora shi a kan wani abu, nesa da inda ruwa ke gudu.

Abin hawa, in kana da mota, shi ke nan. In babu, babur mai akwati a baya zai ɗauki kayanka muddin ruwan a can za ka samu, sai dai ka bincika dokar babur a garinku, domin wasu jihohi da unguwanni sun taƙaita shi. Wasu sukan yi ciniki da mai adaidaita sahu ɗaya ya kai su ya dawo ya ɗauke su. Ko wanne ka zaɓa, ka taƙaita kanka a unguwanni biyu ko uku da ke kusa da juna. Wanda ya yi aiki ɗaya a Hotoro da safe, ya tsallaka Kabuga da rana, ya nufi Mariri da yamma, mai da go-sulo sun cinye ribarsa.

Mataki na biyar: aikin kansa

Kafin ka taɓa komai, ka zagaya motar tare da mai ita, kana ɗaukar bidiyo da waya. Nuna masa duk ƙarce, lotsawa, tsagar gilashi, yagewar kujera. Ka tambaye shi ko an sake fentin motar kwanan nan. Motocin Kwatano da yawa an taɓa musu fenti, kuma sabon fenti ba a shafa masa kaki sai ya yi wata ɗaya zuwa uku yana shan iska. In ka ga shimfiɗar sama ta fara ɓarewa a rufi ko bonet, gaya masa a take cewa wanki ba ya gyara wannan, kuma kada ka kai bakin injin feshi wurin. Ka roƙe shi ya kwashe kuɗi, takardu da waya. In akwai Alƙur'ani ko littafin addu'o'i a gaban mota, shi ya kamata ya ɗauke da hannunsa. Makulli ya zauna a aljihunka, domin wasu motoci kan kulle kansu. Ka kashe fitilar ciki, don ƙofofi za su daɗe a buɗe, kada ka gama aiki batir ya ƙi tashi.

Nemi inuwa. In babu, ka sa aikin da sassafe ko bayan la'asar. Jikin mota mai zafi yana busar da sabulu kafin ka ɗauraye, ya bar zane.

Fara da ciki. Fitar da dardumomin ƙafa, kakkaɓe su nesa da motar. Tura kujerun gaba har ƙarshe, ka zuƙe, ka dawo da su baya, ka sake zuƙewa. Bi tsakanin kujera da wurin giya, bi ɗinkin kujeru, aljihun ƙofa, da but har ƙarƙashin safaya. A ƙarƙashin kujerun gaba za ka ga wayoyi, masu rawayan kai na jakar iskar kariya ne, kada ka cire su kada ka jiƙa su. Ramukan esi ka bi su da ƙaramin burushi, bakin injin zuƙa na kusa yana kama ƙurar da ke tashi. Dashbod da ƙofofi, a kan tsumma ake fesa ruwan wanki, ba a kan maɓallai ba. Allon taɓawa tsumma mai laushi da ɗan danshi kawai yake so.

Kujerar yadi ita ce wurin da za ka yi suna. Fesa ruwan wanki da aka sirka, goga da burushi, zuƙe da inji, maimaita har ruwan da ke fitowa ya yi haske. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsoma kujera da ruwa. Soson da ke ciki zai sha, ya kwana bai bushe ba, bayan kwana biyu mota ta ɗauki warin rima, mai ita kuma ba zai sake kiranka ba. Da damina ka ƙara rage ruwa. Tabon manja da miya, ka fara ɗauke maiƙon da tsumma ta hanyar dannawa, ba murzawa ba, don murzawa faɗaɗa shi take. Zoɓo da goro suna rina yadi, don haka kada ka yi alkawarin za su fita tas, ka ce za ka rage su iyakar iyawa. Fura da nono ko madarar jariri da ta zube ta tsufa, warinta ba ya jin turare. Sai an wanke wurin an zuƙe sau da yawa, a barbaɗa bekin soda bayan ya bushe, a zuƙe. Hypo kuwa kada ya shiga mota ko kusa, yana kashe launin yadi, in kuma aka gauraya shi da wasu ruwayen wanki yana fitar da iska mai guba.

Kujerar fata, ruwan wanke fata da burushi mai laushi, sannan a shafa mata man da ke hana ta tsagewa, wanda zafin ƙasarmu ya sa ya zama dole. Rufin ciki ka yi masa a hankali da tsumma mai danshi, domin gam ne ke riƙe da yadin, in ya jiƙe sai ya saki ya yi tumbi. Bel ɗin kujera ka jawo shi gaba ɗaya, ka wanke, ka bar shi ya bushe kafin ya koma. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: man sheƙi kada ya taɓa sitiyari, totur, birki, kuloci ko dardumar direba. Santsi a waɗannan wurare rai ne. Turare kuma ka tambaya kafin ka fesa, Hajiya na iya samun turaren wutarta da ta fi so, wani kuma ƙamshi na tayar masa da asma.

Sai waje. Tayu da wili ake fara wankewa, da bokitinsu na uku da burushinsu, don dattinsu ne mafi kaifi kuma yana fallatsa. Wasu ruwayen wanke wili suna da asid mai ƙarfi da ke cin fata ya ɓata wilin alminiyum, ka sa safar hannu, ka guji wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa ba.

Daga nan ka ɗauraye motar gaba ɗaya kafin hannunka ya taɓa ta. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan ne mafi muhimmanci a duk aikin. Ƙurar hazo gari ce ta yashi, goge ta a bushe tamkar goga wa fenti samfefa ne. Bakin injin feshi ya tsaya kamar kamu ɗaya da rabi daga jikin mota, kada ka matsa kusa da robar gilashi ko wurin da fenti ya fashe.

Yanzu bokiti biyu: ɗaya ruwan sabulu, ɗaya ruwa zalla. Tsoma safar wanki a sabulu, wanke fanni ɗaya, ɗauraye safar a ruwa zalla, matse, sannan ta koma sabulu. Ta haka yashin da ta kwaso yana zama a bokiti na biyu, ba ya komawa kan fenti. Daga sama ake farawa, rufi, gilasai, bonet, ƙofofi, a bar ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe. Ka ja hannu a miƙe, ba zagaye ba, kuma kada ka danna. Kashin tsuntsu da ƙaron bishiya, irin wanda ke ɗiga a motar da ta kwana ƙarƙashin darbejiya, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi tukuna, kada ka kankare da farce. Kwalta tana da ruwan cire ta na musamman. Akwai masu shafa man birki a taya don ta yi baƙi. Kada ka yi, man birki na cin fenti in ya fallatsa.

Ɗauraye, ka tsane nan take da babban tsumma mai shan ruwa. Buɗe ƙofofi, but da murfin tanki ka goge bakunansu. Masu mota da yawa a nan suke gane an yi aiki, domin ba a taɓa goge musu wurin ba. Shafa bayan hannunka a bonet, in ka ji kaushi-kaushi bayan wanki, akwai wata laka ta musamman da ake murzawa da ruwan santsi tana ɗauke abin da ya maƙale. Sannan kaki: siriri, fanni-fanni, ya ɗan bushe, a goge da tsumma mai tsabta, kuma a kiyaye baƙaƙen robobi don yana bar musu farin tabo. Gilashi a ƙarshe, ciki da waje, da tsumma biyu, ɗaya na wanki ɗaya na tsanewa. In gilashin na da tintak, ka tabbata ruwan gogewar ba shi da amoniya, tana lalata ledar. Sauke gilashin kaɗan ka goge bakinsa na sama. Man taya a gefen taya kawai, ban da inda ke taka ƙasa.

Mataki na shida: farashi

Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin kaya bai tsaya wuri ɗaya ba, don haka lissafinka ne zai ba ka farashi, ba na wani ba. A kan kowace mota ka haɗa kuɗin ruwa, man zuwa da dawowa, man janareta, da kason sabulu, kaki da tsummokin da suka ƙare. Ka ƙara wani abu da za ka riƙa ajiyewa don ranar da inji zai mutu. Sannan ladan awanninka, har da na hanya. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa, su yi wata shida suna wahala suna mamakin ina kuɗin.

Ka tsara hawa uku: wankin waje da zuƙe ciki, ƙalƙale ciki gaba ɗaya, sai cikakken aiki har da kaki. Kowanne da farashin ƙaramar mota da na babba irin Highlander ko Hilux. Motar da ba ka gani ba kada ka yanke mata kuɗin ƙarshe a waya, ka ce a turo hoton ciki. Za a yi tayi, al'adarmu ce. In Alhaji ya ce ya yi yawa, amsar ita ce, "Ranka ya daɗe, to a yi na biyun, a bar kakin sai wani zuwan." Ka rage aiki maimakon ka rage farashi, domin farashin da ka karya yau shi za a faɗa wa abokinsa gobe. Wanda ya gamsu, ka yi masa tayin na wata-wata: cikakken aiki sau ɗaya, ɗan wanki kowane mako, ya biya a farkon wata. Mutum kaɗan irin waɗannan su ne ƙashin bayan sana'ar, kuma motarsu ba ta yin dattin da zai ci maka lokaci.

Mataki na bakwai: neman masu motoci

Hoton kafin da bayan aiki shi ne tallanka. Ka ɗauka daga wuri ɗaya, cikin haske ɗaya, ka rufe lambar mota, ka nemi izini kafin ka ɗora a WhatsApp, Facebook, Instagram ko TikTok. Buɗe WhatsApp Business da jerin ayyuka da farashi. Amma mafi yawan aikinka baki ne zai kawo shi. Ka nufi wuraren da motoci ke yini a ajiye masu su na ciki suna aiki: bankuna, asibitoci, makarantu, rukunin gidaje. Ka fara da maigadi. Gaishe shi da kyau, "Baba, barka da aiki," ka bayyana masa abin da kake yi, ka nemi ya nuna maka wanda ke ba da izini. Kada ka fara zuba ruwa a harabar mutane ba tare da izinin hukumar wurin ba. Dillalan motoci suna biya ƙasa-ƙasa, amma motoci da yawa a wuri ɗaya ba kuɗin mai, kuma wuri ne mai kyau na ƙara gogewa. Makon Sallah da lokacin bukukuwa aiki kan yi yawa, ka buɗe rajista da wuri, kada ka karɓi abin da ya fi ƙarfinka. Da azumi ka mayar da aikin sassafe.

Mataki na takwas: shiga gidan mutane

Wannan bai kamata a ɗauke shi da wasa ba, domin an buɗe maka ƙofar gida an kuma miƙa maka makulli. Ka zo a kan lokaci, in za ka makara ka kira. Yi sallama, ka jira a ba ka izini. A gidajen da maza ba sa shiga, ka daidaita da maigida tun a waya ko za a fito da motar waje. Idonka a kan mota. Kada ka ɗauki hoton da zai nuna gidan ko iyalinsa, kada ka tuƙa motar ko taku ɗaya sai an ce ka yi. Duk abin da ka tsinta, ko naira ashirin ce ko ɗan kunne, ka sa a leda ka miƙa tare da makulli. Ka lura da inda ruwan wanki ke gangarawa kada ya kwanta a ƙofar maƙwabci, ka share wurin kafin ka tafi. In ka ɓata wani abu, kai za ka fara faɗa, ka ɗauki nauyin gyara. A nan 'yan'uwa mata suna da dama babba da ba a cika kulawa da ita ba: mace na shiga inda namiji ba ya shiga, kuma mata masu motoci da yawa za su fi sakin jiki da ita.

Mataki na tara: rajista da littafin kuɗi

Kuɗin sana'a su zauna a asusunsu daban, ko a banki ko a OPay ko Moniepoint, kada su gauraya da na cefane. Rubuta kowane aiki: rana, irin mota, abin da aka yi, abin da aka biya, abin da ka kashe. Da aiki ya fara zama, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ana yi ta intanet. Da ita za ka buɗe asusu da sunan sana'a, kuma kamfanoni ba sa ba da aikin motocinsu ga wanda ba shi da takarda. Rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ita ma tana da amfani wajen horo da tallafin ƙananan sana'o'i. Yi wa mutane aiki bashi kuwa, ka ƙi shi da fara'a tun ranar farko.

Abin da za ka ƙara in ƙafa ta tsaya

Na farko da nake ba da shawara shi ne gyaran fitilun gaba da suka yi rawaya. Roba ce rana ta ƙona. A rufe fentin kewaye da tef, a goga jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 1000, sai 2000, sai 3000, a goge da man sheƙi, sannan a shafa abin kariya daga rana. In aka tsallake kariyar, cikin 'yan watanni rawayar za ta dawo. Bayan shi sai injin goge fenti, ka zaɓi mai juyi biyu wanda ya fi sauƙin sarrafawa, ka sayo tsohon bonet ko ƙofa wurin 'yan gwangwan ka koya a kai har hannunka ya zauna. Wankin injin mota sai ya huce, a rufe altaneta, akwatin fis da bakin shan iska da leda, a yi da burushi da ɗan feshi maimakon ruwa mai ƙarfi.

In aiki ya fi hannu biyu, ɗauki yaro ɗaya, ka fara ba shi tayu da dardumomi, sannan zuƙe ciki, fenti a ƙarshe. Ka biya shi a kan kowace mota a ranar, kuma kada ka tura shi gidan kowa shi kaɗai sai mai gidan ya san fuskarsa ya kuma amince.